Kyautar Ƙarshe ta Yaya Hayatu

Mu duka na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba. Ranar Alhamis, ashirin da ɗaya ga Agusta, 2025, a ƙarshen watan Safar, ana fitowa daga sallar Azahar, Allah ya karɓi ran yayana, Malam Hayatu Faru, a gadon asibiti. Ya rasu yana da shekara sittin da 'yan kai. Ya bar matarsa Safara'u, da 'ya'ya biyar, da jikoki, da ni ƙanwarsa Hindatu, wadda ya riƙe tun rasuwar mahaifinmu. An yi masa sutura da la'asar a Talata Mafara, garin da ba nasa ba, domin namu ba ya shiguwa.

Ba 'yan bindiga suka kashe shi ba, ko da yake su suka raba shi da gonarsa. Ba maciji ba ne, ko da yake tsoron maciji ya kai shi kasuwa. Kurɓa ɗaya ce ta maganin ciyawa, daga gorar lemo.

An ce mini ta'aziyya wurin yabo ce da addu'a, ba wurin faɗa ba. Zan yi yabon, zan yi addu'ar. Amma ba zan tsaya a nan ba, domin ragowar abin da ya kashe shi tana nan a wani gida, cikin kwalbar da ba ta faɗin gaskiyar abin da ke cikinta, kuma har yanzu ban san ko saƙona ya isa gidan ba. Duk wanda ya fara karantawa, don Allah ya kai ƙarshe.

Yaya, da kai zan yi magana, tunda a asibiti ba ka iya amsa mini ba.

Kai ka kai ni makaranta. Lokacin da aka ɗauke ni kwalejin horon malamai, kai ka ɗaura akwatin ƙarfena a bayan keke, ka ɗora ni a gaba, ka tuƙa mu daga Faru har bakin titi inda ake samun mota. Duk ƙarshen wata sai ga ka a ƙofar makaranta da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin gero, ka tsaya nesa da maigadi don kada ƙawayena su ga faso a ƙafarka su yi mini dariya. Ba su taɓa yi ba. Su ma suna jiran ƙuli-ƙulin. Littafin farko da na mallaka, ba na aro ba, kai ka sayo shi, kuma ka zaɓe shi ne don ya fi sauran kauri. Ka ce wanda ya fi nauyi shi ya fi ilimi. Na yi shekara talatin ina koyarwa, har yanzu ban sami zuciyar gyara maka wannan ba.

Amma abin da kowa ya san ka da shi, shi ne kyautar da ba a gani. A Faru, bayan girbi, mutum zai buɗe ƙofa da safe ya tarar da damin gero a jingine, ba sallama, ba ɗan aike. Tsohuwa za ta je biyan mai niƙa a ce mata an riga an biya. Kowa ya san kai ne, ba mai iya rantsewa. In wani ya yi kuskuren gode maka a gaban mutane, sai ranka ya ɓaci, ka yi kwanaki kana kauce wa hanyarsa. Ko Safara'u ba ka gaya wa. Na taɓa tsare ka, na ce buhun masarar da na gani jiya a zaure ina ya tafi? Ka dube ni ka ce, “Ke malama ce ko alƙaliya? Wanda anka ba ya san an ba shi. Ya isa.”

Na sha yin alfahari da wannan hali naka. Ban taɓa zaton rana za ta zo da zai hana ni barci ba.

Shekarar da aka hana mu noma sai an biya masu daji, ka bar Faru da fartanya biyu da iri a ƙulle cikin tsumma. Gidan da ka kama haya a Mafara yana da fili a bayan ɗakuna, tsohon rami ne da mai gidan ya sa aka cike da ƙasar fadama daga wajen Bakura. Baƙar ƙasa mai laushi. Ka durƙusa ka murza ta a tafin hannu, ka yi murmushin da rabon in gani tun muna gida. Ka ce garka za ka yi: kuɓewa, yakuwa, alayyafo, da 'yar masara ko layi uku, don kada jikokinka su tashi suna zaton a kasuwa masara ke tsirowa.

Ashe ƙasar ta zo da baƙuwa. Ruwan farko na sauka, aya-aya ta rufe filin.

Wanda bai san aya-aya ba zai ce ciyawa ce mai ladabi. Siririn ganye, kore shar, ba ƙaya, ba ƙaiƙayi. Muguntarta a ƙarƙashi take. 'Yan ƙwayoyi ne baƙaƙe, a sarƙe da juna da jijiya kamar zare. Ka sare ganyen yau, jibi ta fito. Ka tsinka zaren, kowace ƙwaya ta zama uwa mai nata gidan. Ta shaƙe maka kuɓewa, ta shiga ƙarƙashin katanga ta ɓullo gidan maƙwabcinka Ezekiya, ma'aikacin ƙaramar hukuma, har ka je ka ba shi haƙuri kamar akuyarka ce ta yi masa ɓarna.

Damina biyu kana yaƙi da ita da hannu. Kana tono, kana tankaɗe ƙasa da rariya, kana tsince ƙwayoyin kana shanya su a kan tsohon kwanon rufi su bushe, sannan ka ƙone. Rariyar ta Safara'u ce, ta tankaɗen gari, kuma rigimar da aka yi a kanta ta kai har kunnena. Na taɓa shigowa na tarar kana magana da ciyawar. Kana cewa, “Na sani ke ma kawo ki anka yi, ba da sonki ba. Amma gida ɗaya bai ɗaukarmu.” Na ce Yaya, ka bar ta mana, ka zuba siminti ka huta. Ka miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu, ka ce, “Waɗancan sun kore ni da bindiga. Wagga ba ta korata da ganye.”

Kuma kana cin nasara, Yaya. Rabin filin ya dawo hannunka. Kuɓewar da Helen matar Ezekiya ke tarar da ita a kwano bisa katanga, ba ta san wanda ya ajiye ba wai, daga nan ta fito. Sai bana bayanka ya ƙi. Ka daina iya sunkuyo. Ciyawar ta samu sarari ta dawo, har wata rana aka ga kububuwa ta shige cikinta, daidai inda jikoki ke wasa. Washegari Talata ce. Ka tafi kasuwa.

A kasuwa akwai mai sayar da maganin feshi, sunansa Labaran. Yana da na kamfani a rufe, mai takarda da hoton ƙoƙon kai a jiki. Yana kuma da wata jarka ba takarda, wadda yake auna wa marasa ƙarfi, ya zuba musu a duk gorar da hannunsa ya kai. Irin maganin nan ne mai ƙone ganye cikin yini guda. Taka gorar ta lemo ce, koriya, wadda ba a ganin launin abin da ke ciki.

Ka yi feshi da safe. Kafin magariba filin ya yi ja kamar an bi shi da wuta. Ka kira Ezekiya ta kan katanga ya zo ya gani, kana dariya kamar yaro. Sannan, saboda kai mai hankali ne, saboda kana tsoron kada yara su taɓa, ka ɗora gorar can sama, a kan bango ƙarƙashin rufin rumfa, inda hannun yaro ba ya kai.

A nan kake ajiye jiƙon sassaƙen da kake sha don ciwon baya. Shi ma don kada yara su taɓa. Shi ma a koriyar gora.

Na juya wannan a raina har kaina ya yi ciwo. Ba sakaci ya haɗa gorunan nan wuri ɗaya ba. Kulawa ce. Kuma mutane suna tambaya, bai ji wari ba? Ku da ba ku san shi ba ke nan. Jiƙon nan nasa ɗoyi gare shi, kuma tun yana saurayi haka yake shan magani: ya toshe hanci da yatsu biyu, ya runtse ido, ya kwankwaɗa. Ranar da ka gama share busasshiyar ciyawar cikin rana, baya na ciwo, ka miƙa hannu sama ba ka duba ba.

Ka tofar, ka yi amai, ka kurkure baki. Safara'u ta ba ka manja da nono, abin da duk uwa da kaka a ƙasar nan ta koya mana. Ba na ganin laifinta, kuma duk wanda ya ga laifinta ya zo ya same ni. Ta ce a tafi asibiti, ka ƙi. Ta ce a kira ni, ka ce, “Kada a hwaɗa wa Malama, ta tara muna jama'a da Turancinta.” Washegari ka ji sauƙi, ka je masallaci da ƙafarka. Wannan ita ce yaudarar dafin: yana barin mutum ya yi hamdala, shi kuwa yana ciki yana aiki.

Bayan 'yan kwanaki bakinka ya kwaile, haɗiyar ruwa ta gagara, idanu suka yi ɗorawa. Ezekiya ne ya hango ka ta kan katanga. Bai nemi izininka ba. Ya fito da mota, ya ɗauke ka, ya kira ni daga hanya. Allah ya saka masa da alheri, shi kaɗai a cikinmu bai ji tsoron ɓacin ranka ba.

Likita ya ja ni gefe, amma ba nesa sosai ba, kuma na san ka ji. Ya ce wannan dafi ba shi da makari. Ya ce da an kawo ka a sa'ar da ka sha, da an gwada abin da za a gwada. Yanzu ya kama huhu, sai addu'a.

Daga wannan lokaci hankalinka ya tashi. Ba ka iya magana, harshe ya ƙi. Kana kallona, kana ɗaga yatsu biyu, kana nuna ƙofa. Na zaci 'ya'yanka maza biyu kake nema. Na shigo da su. Ka girgiza kai, hawaye na bin gefen fuskarka, ka sake ɗaga yatsun. Na ce ka yi haƙuri, Yaya, ka yi ta salati a zuci. Haka ka yi ta ɗaga su har hannun ya daina ɗaguwa. Na ga mutuwa a danginmu ba sau ɗaya ba, amma ban taɓa ganin mutum yana neman numfashi kamar wanda ruwa ya ci, alhali yana kwance a busasshen gado ba. Ba na fatan maƙiyina ya ga haka.

Sai a zaman makoki na gane. Labaran ya zo gaisuwa, ya zauna cikin maza a ƙofar gida. Ezekiya ya leƙo zaure ya sa aka kira ni, fuskarsa ba daidai ba. Ya ce, “Malama, zo ki ji abin da mutumin nan ke faɗa.” Na tsaya a bakin zaure na ce a maimaita.

Labaran ya ce, “Allah sarki, Malama. Cewa ni yi mutumin kirki ne. Gora biyu na cika mai, ya ce ɗaya ta wani bawan Allah ce da ciyawa ta dama.”

Na ce, “Biyu?”

Ya ce, “Biyu.”

Na ce, “Ka rubuta wani abu a jiki?”

Ya ce, “Haba Malama, wa ke rubutu? Kowa ya san abin da ya saya.”

Na ce, “Shi ma ya sani. Ga shi can a maƙabarta da saninsa.”

Aka yi ta “haƙuri, Malama, haƙuri, kwanansa ne ya ƙare.” Na yarda. Ban taɓa musun ƙaddara ba, kuma ba yau zan fara ba. Amma ba ƙaddara ce ta ɓare takardar jikin jarka ba. Ba ita ke tsince gorunan lemo a bola tana cika su da mutuwa, a kasuwar da ake sayar da zoɓo da kunun aya a irin gorunan nan, rumfa na kallon rumfa. Mutane ne, masu suna, masu zuwa gaisuwar mutuwa.

Muka birkice gidan. Gora ɗaya ce. Safara'u ta dafe kai ta ce, “Wallahi ya hita da baƙar leda ran Laraba da sahe. Ban tambaya ba. Kin san ba a tambayarsa.”

Na sani. Wa ya fi ni sani?

Na nemi a yi sanarwa a wurin addu'ar uku. Wasu dattawan danginmu suka ce a'a. Wai za a ce gidanmu ya raba wa mutane guba. Wai mamaci ya ɓoye alherinsa, ba daidai ba ne a tone. Na ce musu mamacin ya mutu yana roƙona in tone, ni ce ban gane ba. Liman, Allah ya ƙara masa daraja, ya saurare ni ta bayan labule, ya tashi ya faɗa da bakinsa. Ni da Helen muka bi unguwa gida-gida, duk inda muka san akwai garka, duk inda muka san akwai gwauruwa ko marayu, domin can kyautarka ke zuwa. A wani gida na hango yarinya ta ɗaga koriyar gora za ta kai baki. Ban san lokacin da na kaɓe ta daga hannunta ba. Ruwa ne. Uwar ta bi ni da kallon mahaukaciya. Ban ba ta haƙuri ba, na nemi bakin turmi na zauna.

Ranar addu'ar bakwai, wata mata ta shigo, ta gaisa, ta ƙi zama cikin mutane. Zuhura ce, mai ɗanwake a bayan tasha, mijinta ya rasu bara. Ta ja ni bayan ɗaki, ta fito da baƙar leda daga ƙarƙashin hijabi. Ta ce, “Malam Hayatu ya ce in na hwaɗi ga kowa bai yahe ba. Shi ya sa na daɗe. Ku yahe mani.”

Na karɓi gorar na rungume ta kamar jariri. Na yi hamdala. Sannan na ɗaga ta a rana, na ga maganin bai kai wuyanta ba.

Na ce, “Kin yi feshi?”

Ta ce, “Ban samu aron famfo ba tukuna.”

Na ce, “To ina sauran?”

Ta ce ƙanwarta Murja ta zo cin kasuwa daga Janbako, ta kwana wurinta, ta yi kukan ciyawa ta cinye mata garka. “Ni ma ba ni anka yi, Malama. Ya zan hana? Sai na ɗiba mata kaɗan.”

Na ce, “A cikin me?”

Ta ce, “Kwalbar maganin tarin yara ce. Ita ce mai murfi mai kyau.”

Ka ji, Yaya. Alherinka ya yi irin na ciyawar da ka yaƙa. Na tsinka zare ɗaya, ashe ya riga ya kai wani gida.

Murja tana da yara ƙanana, da suruka tsohuwa wadda idonta ya yi rauni, kuma damina ce, lokacin tari. Murja ta san abin da ke cikin kwalbar. Kai ma ka san abin da ke cikin taka. Wayarta ba ta shiga. Hanyar kuwa kowa ya san halin da take ciki, direbobi ba sa bi sai sun ji labari mai daɗi. Na ba wani direba saƙo, na ba wani mai babur, Ezekiya ya aika ta wajen abokan aikinsa a Maradun, ƙaramar hukumar da Janbako take. Ba wanda ya dawo mini da amsa. Duk wayar da ta yi ƙara, sai gabana ya faɗi.

Saboda haka, duk mai karanta wannan da ke da ɗan'uwa, ko suruki, ko abokin ciniki a Janbako, na haɗa ka da Allah: a nemi Murja matar Fa'izu maƙeri. Ƙaramar kwalba ce mai ruwan ƙasa, farin murfi, takardar maganin tari na nan a jikinta. Kada a buɗe, kada a shinshina, kada a zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha. A ƙulle ta a leda, a raba ta da inda ake ajiye magani, a miƙa wa malamin gona. In kuwa wani ya riga ya kai ta baki, ko ya tofar, ko ya ce ya ji sauƙi, kada a tsaya manja da nono. A nufi asibiti a lokacin. Ku kuma sauran, ku tashi yanzu ku duba kan bangonku.

Jiya na shiga garkarka. An yi ruwa. Aya-aya ta fito, kore shar, ta cikin tokar 'yan'uwanta, kamar ba a taɓa yi mata komai ba. Maganin ganye kawai ya ƙone, bai kai ga ƙwaya ko ɗaya ba. Na tarar da Safara'u a durƙushe cikin kayan takaba, da fartanyarka da rariyarta, tana tono tana tsincewa. Na tuɓe takalmi na durƙusa kusa da ita.

Allah ya jiƙanka, Yaya Hayatu. Allah ya gafarta maka, ya sa wahalar kwanakin nan ta zama kankarar zunubi, ya yalwata kabarinka, ya ba ka numfashin da ka nema ka rasa. Duk damin da ka jingine a ƙofar wani ba wanda ya gani, Allah ya gani, ya sa ka tarar da shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Safara'u, da 'ya'yanka, da jikokinka, da mutanen Faru duk inda gudu ya watsa su, da Ezekiya da Helen waɗanda suka yi kukanka kamar jininsu, da Zuhura, wadda ba ta yi komai ba sai koyi da kai. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Ya Allah, bawanka ya mutu da yatsu biyu a sama. Na karɓo gora ta biyun, amma ba a cike ba. Ka sa saƙon nan ya riga tari isa gidan Murja. Amin.